Koren Motar Baba

Mijin yayata yana da shagon labule, kuma tun ranar da ya buɗe shagon nan ya ɗauka babu wani launi a duniya da zai shige masa duhu. In ka sa riga da hula ya kalle ka, sai ya gaya maka hular ta fi rigar duhu da kaɗan. In ka ce masa sama shuɗiya ce, sai ya ɗaga kai ya ce ai shuɗi iri-iri ne, wanne kake nufi? A unguwa ba mai kiransa da sunansa. Barmini ake ce masa, domin ko famfo ne ya lalace, ko rediyo ta ƙi magana, ko ƙofa ta ƙi rufuwa, kafin mai abin ya gama bayani za ka ji ya ce, "Bar mini wannan." An sha bar masa, an kuma sha yin da-na-sani. Ni ina ce masa Yaya Barmini, shi yana ce mini Auta, kuma duk tsiyar da nake masa ba na son wani ya taɓa shi, don mutum ne mai farar zuciya. Bakinsa ne kawai ya fi hannunsa sauri.

Babanmu kuwa yana da wata tsohuwar mota da ta girme ni. Koriya ce, ko in ce a da koriya ce, don rana ta sha ta har ta koma wani launi marar suna, tsakanin kore da ruwan toka. Tana zaune a ƙarƙashin rumfar kwano a ƙofar gidanmu, gefe ɗaya yana kallon bango, ɗayan yana kallon titi da shagon mai aski. Ko da yanar ido ta rufe wa Baba gani ya daina tuƙi, bai daina kula da ita ba. Kullum da safe zai fito da tsumma yana lalube yana goge ta, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa.

Baba bai taɓa gaya wa surukinsa baƙar magana ba, amma kuma bai taɓa ba shi ajiyar ko tsintsiya ba. Abin nan yana ci wa Barmini rai fiye da yadda yake nunawa. Shi ya sa ranar da babban wanmu zai tafi da Baba asibiti mai nisa a yi masa aikin ido, muka yi mamaki da muka ji Baba ya ce a kira masa mijin Yaya.

"Ɗana, ga mukulli," in ji Baba. "Kullum da safe ka tashe ta ta ɗan yi ɗumi, kada batir ya mutu. Tashi kawai na ce. Kada ka motsa ta."

"Baba, ai ko ba ka faɗa ba."

"Na dai faɗa."

Wunin ranar Barmini bai sa mukullin a aljihu ba. A yatsa ya rataya shi, yana juya shi, duk wanda ya gaisa da shi sai ya ji ƙararsa. Na ji shi yana gaya wa Yaya a tsakar gida, murya a sanyaye, "Kin gani? A ƙarshe dai Baba ya gane ko ni wane ne." Yaya ta ce Allah ya sa, ta ci gaba da tankaɗenta.

Safiyar farko ya tashe ta ya kashe, lafiya lau. Ta biyu ma haka. Ana nan sai wata safiya bencin mai aski ya cika da mutane, Barmini ya duba ya ga ba wanda ke kallonsa, don rumfa ta ɓoye shi. Sai ya leƙo da kai ta taga ya ce mini mota ma tana bukatar shan iska, zai ɗan fito da ita bakin titi ya mayar.

"Yaya Barmini, Baba fa ya ce kada a motsa ta."

"Tafiya ya hana, Auta. Wannan miƙe ƙafa ne."

Ya sa ribas, hannu ɗaya a kan sitiyari, ɗayan yana ɗaga wa mutanen benci. Motar ta ja baya a hankali, sai muka ji wata ƙara mai tada tsigar jiki. Ƙofar baya ta gogi ginshiƙin rumfa. Ya fito da sauri yana murmushin da bai kai ciki ba. Karcen bai wuce tsawon yatsa ba, amma ya fito fari tas a jikin ƙofar, a gefen da ke kallon titi.

Mai aski ya ɗago daga kan da yake aske wa. "Barmini, motar ce ta yi kuka ko ginshiƙin?"

"Ka ji da askinka."

Na ce masa in Baba ya dawo a gaya masa gaskiya, karce ne kawai, zai yi faɗa ya huce. Ya dube ni kamar na ce ya sayar da shagonsa. "In ce masa me? Karo na farko da ya ba ni amana in tare shi da wannan? Kafin ya dawo babu wanda zai san an taɓa ta. Ke dai ki zuba ido."

Yaya ba ta tsaya zuba ido ba, ta aika aka kira mai fentin mota na bayan kasuwa. Wani dogo ne mai kaifin baki, kowane farce nasa da irin launinsa. Ya zagaya motar, ya tsuguna, ya shafa karcen, ya ce ƙaramin aiki ne.

"Ku cire mini murfin tankin mai, tunda a wannan gefen yake. In tafi da shi in haɗa fentin a kansa, a cikin rana. Amma ku sani, motar nan ba kala ɗaya ba ce. Gefen titi rana ta ci shi, gefen bango bai sha wahala sosai ba. Kuma fenti ɗanye daban ne, busasshe daban. Ga motoci jere a gareji, sai kun ɗan yi haƙuri."

"Haƙuri har yaushe?" in ji Barmini.

"Har in gama na gabana."

"Malam, ka san da wa kake magana kuwa? Ni ne nake haɗa labule da kafet da kujeru a ɗaki guda, mai gida ya shigo ya rasa inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Kore ne zai gagare ni?"

"To, ai shi ke nan. Allah ya ba da sa'a." Mai fenti ya hau babur ɗinsa yana dariya ciki-ciki, ya bar Yaya tana riƙe da haɓa.

Da hantsi Barmini ya dawo daga shago da damin ƙyallayen samfur, duk kore, tun daga mai duhu har mai haske. Ya fara ɗora su a jikin ƙofar da ta karce, sai rana ta dame shi, gumi na shiga masa ido. Nan take ya kwashe kayansa ya zagaya gefen bango inda inuwa take, ya jawo kujera ya zauna, yana ɗora ƙyalle yana karkata kai yana lumshe ido ɗaya.

"Yaya Barmini, karcen fa a wancan gefen yake."

"Mota ɗaya ce, Auta. Kin taɓa ganin mutum da fuska kala biyu?"

Ya zaɓi ƙyallensa, ya kai wa mai sayar da fenti, aka haɗa masa gwangwani guda daidai da ƙyallen. Ya dawo da ɗan burushi, ya naɗe hannun riga, ya shafa a kan karcen. In faɗi gaskiya, yana ɗanye abin ya yi kyau, har ni sai da na fara tunanin ko mun raina shi ne. Shi kuwa ya tsallaka titi ya jawo mai aski da hannu, ya kira Yaya, ya kira duk wanda ke wucewa.

"A nuna mini inda karcen yake. Duk wanda ya nuna, na ba shi labulen taga kyauta."

Ba wanda ya nuna. Ya tafi shago yana taku ɗaiɗai, mukulli na kaɗawa a yatsa. Kafin la'asar fentin ya bushe, ya kuma yi duhu, ya fito ɓaro-ɓaro kamar an liƙa ganyen mangwaro a jikin ƙofar. Da ya dawo da yamma ya tarar mutanen benci sun yi layi, kowa ya ɗora yatsa a wurin yana jiran labulensa.

"Yanzu kam," in ji mai aski, "ko ba a yi wa Baba aikin ido ba zai gani."

Barmini ya ce mai sayar da fenti ne ya cuce shi, ya cika masa baƙi. Washegari ya sayo farin fenti, ya ɗauko babban kwanon Yaya wanda take ji da shi, ya zuba kore ya zuba fari yana juyawa da muciya. Ya ce tabo ba ya ɓuya in an bar shi shi kaɗai, don haka ƙofar gaba ɗaya za a shafe. Ya shafe ta tun daga gilashi har ƙasa. Da ta bushe sai ta fito tsanwa mai haske, tana sheƙi, ƙofar gaba kuma tana gefenta a koɗe kamar ba uwarsu ɗaya ba.

Yaya ta fito ta tsaya a bakin zaure. "Baban yara, don Allah ka tsaya haka. A kira mai fentin nan tun abin yana ƙofa ɗaya."

"Ke ba ki san aikin ba ne. A shago in labule ɗaya ya saɓa, ba na tsayawa jayayya da shi. Ɗan'uwansa nake canjawa."

"To in ɗan'uwan ma ya saɓa da na kusa da shi fa?"

"Ba zai saɓa ba."

Ya saɓa. Haɗin farko ya ƙare a tsakiyar ƙofar gaba, ya sake wani da ido, don a cewarsa awo na 'yan koyo ne. Da ya ga sabon haɗin ya yi masa sanyi a ido sai ya ɗiga ruwan ɗorawa. Da ya ga ɗorawar ta yi yawa sai ya ɗiga shuɗi. Kowane haɗi kuma sai ya zagaya gefen bango ya gwada shi a jikin motar, wai can ba mai gani. Kafin a ce haka, ƙofar gaba ta zama kala biyu, sama daban ƙasa daban, gefen bango kuma ya cika da zane-zane. Daga ƙofa aikin ya tsallaka zuwa ƙarfen saman taya, daga nan ya hau bonet. Shagon labule ya wuni a rufe, sannan ya fara kwana a rufe.

Mutanen benci suka daina hirar ƙwallo. Da safe kowa zai zo ya kama wurinsa, a yi ta cacar baki a kan launin da za a wayi gari da shi gobe. Mai aski ya ce tunda ya buɗe shago bai taɓa samun ciniki irin na kwanakin nan ba, har waɗanda ba su da gashin kirki suna zuwa a gyara musu.

"Barmini, yau wace kala za mu sha?"

"Wadda za ta rufe maka baki."

"Ai na ga ita kaɗai ta rage ba ka gwada ba."

Daga nan Barmini ya gano cewa laifin burushi ne. Masu aikin gaske feshi suke yi, ya ce, shi ya sa nasu ke kwanciya. Ya je wurin wani abokinsa manomi ya aro famfon feshin gona irin wanda ake goyawa a baya, ya tsinka fenti ya cika shi, ya ɗaure hanci da ƙyallen samfur. Na ce masa akwai iska. Ya lashi yatsa ya ɗaga sama, ya ce iskar tana goyon bayansa.

Ya fara bugawa, fenti ya tashi kamar hayaƙi. Kaɗan ya sauka a kan but ɗin motar, sauran iska ta kwashe ta haye titi da shi. A daidai lokacin mai aski ya gama yi wa wani dattijo aski tal-kwabo a waje, yana riƙe masa madubi. Dattijon ya daɗe yana kallon kansa a madubin.

"Wannan ɗige-ɗigen fa? Sabon magani ne kake sa wa mutane?"

Mai aski ya duba kan, ya duba tawul ɗinsa da ke kan igiya, ya duba farar rigarsa. Sannan ya ajiye madubin a hankali ya tsallako titi. "Barmini, ni dariya nake yi maka, ban ce ka haɗa da ni ba."

"Kore yana kwantar da ido," in ji Barmini daga bayan ƙyalle. "Kuma ba a ce ka shanya kaya a hanyar aiki ba."

Sai da Yaya ta fito da man gyaɗa da tsumma ta ba dattijon haƙuri, aka yi ta goge masa kai yana zaune yana ƙunƙuni. Da ta koma ciki ta tarar shanyarta ma ta samu nata rabon, har da farin zanen gadon da take ajiyewa don baƙi. Ranar ba ta yi wa mijinta magana ba, abincinsa ma ni ta ba in kai masa.

Don ya rama abin da iska ta kwashe, sai ya matso da bakin famfon dab da but ɗin ya yi ta zuba masa fenti har ya yi kauri. Rana ta buga shi, sama ta bushe ciki yana ɗanye, fentin ya tattare ya yi ta yamutsewa. Kowa ya ɗauka nan zai saduda. Shi kuwa ya tsaya yana kallon yamutsin, sai na ga fuskarsa ta washe.

"Wannan ai sana'ata ce," in ji shi. "Abin da ya yamutse guga ake yi masa. Auta, kawo mini dutsen guga."

Na ce ba da hannuna ba. Ya shiga ya ɗauko da kansa, ya jawo doguwar waya ta taga. Ya ce ba a ɗora dutse kai tsaye a kan kaya mai tsada, don haka ya shimfiɗa wani farin labulen leshi mai furanni a kan but ɗin, ya fara guga a nutse, yana bi kusurwa-kusurwa. Wari ya cika layin. Da ya gama ya kama gefen labulen zai ɗaga, labule ya ce bai san zancen ba. Ya ja, ya ƙara ja, ya sa ƙafa a bamba ya ja da ƙarfi har ya faɗi zaune. Leshin ya fita, amma ya bar furanninsa a jikin fentin, manya da ƙanana, a jere, da 'yan zare-zare fari suna lilo.

Daga benci mai aski ya ce, "Gaskiya wannan ɓangaren ya yi kyau."

Da yammar ranar babban wanmu ya bugo waya. An yi aiki lafiya, an cire bandeji, gobe da rana suna hanya. Yaya ta faɗa wa mijinta a gabana. Bai ce a bar masa ba. Takalmi ya zura ya nufi bayan kasuwa da sassarfa, ya dawo tare da mai fenti.

Mai fenti ya zagaya motar a hankali, hannu a baya. Ya tsaya a gaban furannin ya daɗe. "Wa ya koya maka wannan? Ina so in je in koya."

"Malam, ka bar wasa. Gobe mai ita zai dawo. Me za a iya yi?"

"A kankare ta duka har ƙarfe, a sake daga farko. Ba aikin gobe ba ne, ba na jibi ba ne. Murfin tankin da na ce a ba ni fa?"

Barmini ya nuna masa. Murfin ma ya sha fenti shuɗi-shuɗi.

Da safe ya yi tunanin juya motar, gefen bango ya koma titi, sai ya tuna da zane-zanen gwajinsa. Ya tsaya yana sosa ƙeya. A ƙarshe ya buɗe shago ya kwaso manyan labulen falo masu nauyi, ruwan zuma masu geza, ya lulluɓe motar tun daga bonet har but, ya ɗaure da igiyoyinsu masu tuntu. Ya ce zai gaya wa Baba don ƙura ya rufe ta, kuma likitoci ba sa son sabon ido ya kalli ƙarfe mai sheƙi. In ya samu 'yan kwanaki, mai fenti ya zo ya ja ta a ɓoye.

"Wane likita ne ya faɗi haka?" in ji Yaya.

"Duk likitan kirki zai faɗa."

Da rana motar haya ta tsaya a ƙofar gida. Maƙwabta suka taru yi wa Baba barka, mutanen benci suka taso gaba ɗaya, har da dattijon nan wanda fentin kansa bai gama fita ba. Baba ya fito da baƙin tabarau, ba tare da ya riƙe hannun kowa ba. Ya cire tabarau ɗin a inuwar rumfa, ya dube ni ya ce ashe na yi ƙiba, ya dubi Yaya ya ce furfura ta fara fito mata. Muka yi ta dariya, ni har da hawaye, don rabon da Baba ya kalle ni ido cikin ido na manta.

"Ina mutuniyar?" in ji shi. "Tun ina kwance nake cewa ita zan fara kallo da kyau."

Barmini ya sha gabansa. "Baba, ka shiga ka huta tukuna. Ƙura ce ta sa na rufe ta, kuma likitoci..."

Baba ya riga ya kama tuntu ya ja. Labulen ya zame ya zube ƙasa gaba ɗaya.

Ba wanda ya yi dariya. Baba ya tsaya yana kallo. Ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ya duba, ya rufe ɗayan ya sake dubawa. Ya matsa baya, ya matso gaba. Sai ya lalubi kujerar da ke jikin bango ya zauna. Ya kira babban wanmu da wata ƙaramar murya da ban taɓa ji daga bakinsa ba.

"Aikin nan bai yi ba. Likita ya ce in na ga abu yana rarrabuwa in koma da wuri. Ga mota ɗaya ina ganin ta kala-kala, kowace ƙofa da tata. Har furanni nake gani a bayanta." Ya goge ido da bakin riga. "Da na ɗauka na warke."

Duk wurin aka juya ana kallon Barmini. Babban wanmu ya buɗe baki, Yaya ta riƙe masa hannu. Ni kuwa tausayin Baba ya kama ni, haushin mijin Yaya ya cika mini ciki, don na ga dabara ta fara yawo a fuskarsa. Hanya ce a buɗe. In ya yi shiru aka koma da Baba asibiti, kafin su dawo an kankare mota.

"Baba," ya fara, "ai wani lokaci sabon ido yakan ɗan..."

Baba ya ɗago ya dube shi, idon nan sabo fes cike da ruwa, yana jiran a gaya masa ko akwai sauran fata. Barmini ya haɗiye ragowar maganar. Ya cire hula, ya tsuguna a gaban kujerar, a gaban duk mutanen layin.

"Idonka lafiya lau, Baba. Abin da kake gani shi ke nan a wurin. Ni na motsa ta, na karce ta a ginshiƙi, na ce zan gyara da kaina. Duk aikina ne."

Baba ya miƙe, ya kama hannun surukinsa ya tashe shi, ya ja shi zuwa jikin motar. Ya nuna ƙofar baya.

"Wannan tsanwa ce?"

"Tsanwa ce, Baba. Fari na ƙara."

"Wannan ta gaba, sama ta fi ƙasa ɗorawa?"

"Ta fi, Baba."

"Nan kuma shuɗi-shuɗi nake gani."

"Shi ne, Baba."

Suka zagaya baya. Baba ya sunkuya a kan but, ya kai yatsa ya tsinko wani siririn farin zare, ya ɗaga shi sama yana juyawa a cikin haske. "Har wannan na gani," ya ce, kamar da kansa yake magana. Sai dariya ta ƙwace masa, ya dafa motar yana yi har da tari. Nan fa mutanen benci suka saki tasu da suka daɗe suna riƙewa, mai aski har da zama a ƙasa.

Da Baba ya sarara, ya miƙa hannu. "Ba ni mukullina."

Barmini ya zaro shi daga aljihu ya ɗora masa a tafi da hannu biyu, kansa a ƙasa. Wannan karon ba wanda ya yi masa tsiya, don duk mun san abin da mukullin nan yake a wurinsa. Baba ya jujjuya shi, ya dubi motar, ya dubi surukin nasa da fenti ya cika wa gashin hannu. Sai ya kama hannun ya mayar masa da mukullin, ya dunƙule masa yatsu a kai.

"Gobe da safe akwai likitan da zai duba ni a nan cikin gari. Kai za ka kai ni, a cikinta, yadda take ɗin nan. Ta tsakiyar kasuwa za mu bi, a hankali, gilashi a sauke. Duk wanda ya tambayi wanda ya yi mana fenti, sai ka tsaya ka yi masa bayani."

"Baba, da dai an bari mai fenti ya..."

"Mai fenti ya jira. Na daɗe ban ga kala ba, ɗana. Bari in more."